Maki Goma Sha Tara da Ba Nasa Ba

Litinin, 24 ga Fabrairu, 9:40 na safe

Jiya mun ci baƙinmu biyar da biyu. Rylan Fedak ya zura biyu, ya taimaka a biyu, makinsa na bana ya kai ɗari da huɗu. Babu yaron da ya taɓa kaiwa nan a garinmu Halbrook tun da aka gina filin wasan hoki na kan ƙanƙara, kuma duk wanda ya samu a gida da hannuna na rubuta shi, don shekara ashirin da biyu ke nan ina zama a kejin gilashi na bakin ƙanƙara, ni ce mai rubuta makin wasa. Ladana kofi ne da pirogi shida, 'yan ƙullin fulawa masu dankali a ciki, sai sanyin da ke shigowa ta tafin ƙafa.

Da na fito da takardar wasa a hammata, na tarar da mutum yana jirana a bakin ƙofa. Wes Halvorsen, ɗaya daga cikin masu farautar yara da manyan ƙungiyoyi ke turowa. Na san fuskarsa. Can ƙuryar sama yake zama da hular ulu mai ruwan toka, ba ya tafi, ba ya ihu, sai rubutu.

"Misis Boyko, minti biyu."

"In kofi kake nema, an rufe kanti."

"Ke nake nema. Yaron nan yana da maki sittin da takwas a gida, talatin da shida a waje. Yawan wasannin ɗaya ne. Me kike gani?"

Na ce, "Girkin uwarsa."

Ko murmushi bai yi ba. Ya ce manyansa a ofis sun ga lambobin, sun yanke cewa yaro ne mai zafi a gaban uwarsa, in ya bar gari sai ya yi laushi, kuma irin wannan ba sa ɗauka. Ranar ashirin da huɗu ga Maris zai miƙa jerin sunayen da yake so a duba a zaɓen sababbin 'yan wasa na watan Yuni, a yanzu kuma Rylan ba ya ciki. "Ni kuwa sau tara na gan shi a waje, ban ga matsoraci ba. To wani abu bai zauna daidai ba." Ya ba ni katinsa ya tafi.

A mota mijina Orest ya ce, "Me mai hular nan yake so?"

"Hanya yake tambaya."

"Shekara goma yana zuwa filin nan, yau ya ɓata?"

Na ce ya kalli titi. Shekara arba'in da aure, har yanzu mutumin nan bai san lokacin da ake yin shiru ba.

Talata, 25 ga Fabrairu, 2:15 na rana

Bari in rubuta yadda aikin yake, don ni kaina in gani a takarda.

In an ci ƙwallo, alƙalin wasa yakan zo bakin gilashina yana haki, ya sa baki a 'yar kafar ya ce, "Sha bakwai ya ci, tara ya ba shi." Da lambar riga yake kiran su. Wanda ya ci maki ɗaya, wanda ya ba shi maki ɗaya. Amma akwai gurbi na uku a takardar, na wanda ya ba mai bayarwa, taimako na biyu, shi ma maki ɗaya ne cur. Alƙali ba ya ganin komai, ido biyu gare shi kamar kowa. Sau da yawa sai ya ce, "Na biyun, wanda kika gani," ya juya.

Marigayi Stan, wanda ya koya mini aikin, ranar farko ya ce, "Lorna, gurbin nan ba a barinsa fayau. Yaranmu suna hawa bas awa bakwai, suna zubar da haƙora. In kina shakka, ba namu. A garin Denholt haka suke yi wa nasu." Kuma gaskiyarsa, haka suke yi. Ɗaya ko biyu a shekara, ga yaron da aka daɗe ba a kira sunansa a lasifika ba, uwarsa ta ji daɗi. Wa aka cuta?

Iyakar abin da zan rubuta yau ke nan.

Laraba, 26 ga Fabrairu, 11:00 na safe

Katin yana ƙarƙashin gwangwanin sukari. Ban jefar ba, ban kira ba.

Asabar, 1 ga Maris, 8:30 na safe

Kai, Lorna! Kai!

Jiya a turmi na biyu cikin ukun da ake raba wasa, Mason, ɗan wasanmu mai lamba tara, ya ci, alƙali ya zo ya ce, "Tara ya ci, biyar ya ba shi, na biyun wanda kika gani." Kafin in yi tunani hannuna ya rubuta sha huɗu. Lambar Rylan. Mai sanarwa ya leƙa ya karanta, fili ya ɗauki tafi, an gama. Na zauna ina kallon hannun kamar na wata.

Yana kan ƙanƙara lokacin, wannan na tabbata. Ya taɓa ƙwallon? Ban sani ba. Abin da ya hana ni cin abincin safe ke nan: ba wai na gani na yi ƙarya ba, ban ma duba ba.

Shauna, uwarsa, ta ɗago mini hannu daga layi na uku. Ita ta riƙe mahaifiyata wata takwas a gidan kula da tsofaffi, ita ta rufe mata ido, ni ina kan hanya. Uban yaron kuwa tun da ya tafi aikin mai a Alberta sai katin Kirsimeti, shi ma ya daina. Rylan yana shekara huɗu yake tura kujerar roba a gaban gilashina yana koyon tsayuwa a kan takalman ƙanƙara, majina har baki. Ba uzuri nake kawowa ba. To, uzuri ne.

Litinin, 3 ga Maris, 4:00 na yamma

Na sa Orest ya buɗe mini bidiyon wasanninmu na gida a kwamfuta. Ya gyara tabarau ya ce, "Tun yaushe kike kallon wasan da kika riga kika san ƙarshensa?"

"Tun da na auri mutumin da ba ya da labari."

Ya buɗe, ya tafi gareji. Na ɗauko kwafin takarduna tun na Satumba, ina bin kowane taimako na biyu da na rubuta wa sha huɗu, ina tsayar da hoton, ina komawa baya.

Wasanni shida na duba. Maki huɗu ba nasa ba ne.

Talata, 4 ga Maris, 5:20 na yamma

Bakwai.

Alhamis, 6 ga Maris, 1:30 na rana

Sha biyu. A ɗaya ma yana zaune a benci yana ɗaure takalmi.

Na je kanti sayen kabeji na ci karo da Shauna a layin biya, da rigar aiki, idonta ja don gajiya amma bakinta har kunne. Ta jawo ni gefe ta nuna mini hoto a waya: kwat shuɗi.

"A Saskatoon na gani. Na ranar zaɓe. Kar ki faɗa masa, Lorna, zai ce na jawo masa baki."

"Ai da kin jira tukuna."

"Jiran me? Shi ke kan gaba a duk gasar, ɗan Denholt ma yana bayansa da maki shida. In ba su ɗauki na ɗaya ba, wa za su ɗauka?"

Na ce kwat ɗin ya yi kyau. Na dawo gida ba kabejin.

Asabar, 8 ga Maris, 3:00 na rana

Yau na bar na gida, na kalli bidiyon wasanninsa na waje, inda ba ni da alƙalami. Huɗu a jere. Ina jin kunyar rubuta wannan: shekara biyu yana wasa a gabana, yau na fara ganinsa. A keji idona rabi a agogo yake, rabi a takarda.

Yaron da ke wasa a waje wani ne daban. Yana komawa baya ya taya masu tsaro, yana shiga lungu inda ake daka mutum da allon da ya kewaye fili, yana ba da ƙwallo ba tare da ya kalli wanda zai ba ba. A Denholt wani ƙato ya watsar da shi, ya tashi ya bi shi ya ƙwace. A gida kuwa sai ya tsaya can gaba yana jira, in ta zo masa ya harba ko da kusurwa babu. Kamar ba ya son ya ba kowa. Ban gane dalili ba.

To zai iya a sama, a manyan ƙungiyoyi? Na yi ta juya wannan ina wanke tukwane. Hannunsa na da kyau, wannan ko makaho ya sani, ƙwallo arba'in da tara ba alƙalami ya ci su ba. Amma takunsa uku na farko suna da nauyi, kuma ba shi da jiki. A nan yana wasa da 'yan shekara sha bakwai masu tsoron kunya. Can zai haɗu da magidanta masu 'ya'ya biyu waɗanda abincin gidansu yake son ƙwacewa, ba za su ba shi wannan rabin daƙiƙar da yake saita harbi ba.

Na ga irinsa sun tafi. Curtis Wiebe ya ci hamsin da takwas a shekara ɗaya, muka yi masa liyafa a zauren coci, aka rubuta sunansa a allon shiga gari. Shekara uku ya yi yana yawo a ƙananan ƙungiyoyi, yanzu shi ke sayar wa Orest taki. Mutumin kirki, ba ya zuwa fili ko kyauta. Wanda ya daɗe a sama daga garin nan kuwa yaro ne mai ƙwallo tara a shekara, ko sunansa ba ma iya faɗa daidai. Shekara ashirin da biyu, kuma in ka tsare ni ka ce wa zai yi wa ba zai yi ba, sai in ce ban sani ba.

Abin da na sani ɗaya ne. Yaron da na gani a Denholt ba matsoraci ba ne, kuma mutanen ofishin can suna kiransa haka ne saboda lambobin da suka fito daga hannuna.

Litinin, 10 ga Maris, 12:10 na rana

Sha tara, har da na ranar Juma'ar can. Na gama.

Orest ya shigo ya tarar da ni da takardar a gaba. Ya zuba wa kansa miya, ya zauna, ya sha cokali uku kafin ya ce, "Nawa?"

"Nawa me?"

"Lor, ni nake gyara ƙanƙarar nan tsakanin turmi shekara goma sha biyar. Ina da ido."

"Ka sani ka yi shiru?"

"Ke ake faɗa wa magana? Ran da na ce miyarki ta yi gishiri kwana uku na ci burodi."

Na faɗa masa. Ya ajiye cokali. Ya ce shi ya zaci biyar ko shida. Sai na fashe masa da faɗa, wai me ya sa bai hana ni ba, wai shi ma da laifinsa, har na kawo maganar rufin gareji da ba ta da haɗi da komai. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "In kin yi shiru, ya ci kambun maki, a rataya hotonsa, ba wanda zai ɗauke shi. In kin yi magana, a ƙwace kambun, wataƙila kuma duk da haka ba wanda zai ɗauke shi."

"Na gode, ka taimaka ƙwarai."

"Ni dai miya na zo sha."

Laraba, 12 ga Maris, 10:45 na safe

Na je wurin koci a ofishinsa. Ya rufe ƙofa tun ban gama jimla ta biyu ba.

"Lorna, don Allah. Kowa yana yi. Kina jin na Denholt duk nasa ne?"

"Na Denholt ba a ce masa matsoraci ba."

"Saura wasa huɗu. Garin nan bai taɓa samun na ɗaya ba. Kin san kujeru nawa muke cikawa saboda yaron nan? Ki bari a gama, in ya so bazara ki huta, mu yi miki walima, a ba ki agogo."

Agogo! Ni za a toshe wa baki da agogo, ni da na yi shekara ashirin da biyu ina kallon agogo a gabana. Na ce masa jerin Halvorsen ba zai jira bazara ba. Ya ce in na aika wa ofishin gasa komai, da sunana zan aika, shi bai san zancen ba. Na ce ai dama da sunana na rubuta su.

Na fito. Ina da baki, amma tsoro nake ji. A garin nan aka haife ni, a nan za a binne ni, kuma mutum dubu biyu ne kawai.

Alhamis, 13 ga Maris, 3:30 na rana

Na rubuta saƙon da zan aika wa ofishin gasa. Ban aika ba. Ba makina ba ne, ba ni zan fara yankewa ba.

Asabar, 15 ga Maris, 1:00 na rana

Na sami Rylan bayan atisayen safe a ɗan ɗakin sanduna, shi kaɗai, yana naɗa tef a bakin sandarsa, gashi jiƙe.

"Misis B! Lafiya? Kin yi zuru-zuru."

Duk jawabin da na shirya a mota ya gudu. Na miƙa masa takardar kawai: kwanan wata, turmi, minti. Ya goge hannu a wando ya karɓa. Ya bi ta da yatsa a hankali har ƙasa, leɓensa na motsi.

"Sha tara," ya ce. "Daidai ne."

"Daidai kamar yaya?"

"Ni ma haka na ƙirga."

Na nemi benci na zauna.

"Ka sani?"

"Misis B, duk benci ya sani. In lasifika ta kira sunana Mason yakan ce, 'Sannu da aiki, Fedak, daga zaune.' Jikan Lorna suke kirana." Ya ɗan yi dariya, ba ta kai ido ba. "Shi ya sa a gida nake harbawa. Wadda na ci da kaina ba mai cewa kyauta ce."

"To me ya hana ka zo ka ce in daina? Kullum kana wuce gilashina!"

Ya koma kan tef ɗinsa. Ya naɗa zagaye biyu, ya warware ɗaya.

"Kin fi shekara ashirin kina kallon 'yan wasa. Kin ga waɗanda suka tafi, kin ga waɗanda suka dawo. Na ce tunda kina ƙara mini, kin duba ne kin ga nawa ba zai isa ba."

Ya Allah. Na yi tunanin zai zage ni, na shirya wa zagi. Wannan ban shirya masa ba. Shekara biyu yaron nan yana hawa ƙanƙarar garinsu da wannan a ƙirji, ni kuma ina can bayan gilashi ina jin ni uwar alheri ce. Na ce masa ba haka ba ne, ban taɓa auna shi ba, sonsa kawai nake yi kuma hannuna ya saba. Na faɗa masa abin da Halvorsen ya ce, da ranar ashirin da huɗu.

Ya kalle ni sosai. "To zai isa? Nawa, ba ƙari."

Bakina ya buɗe zai ce ƙwarai kuwa. Na kama shi.

"Ban sani ba, Rylan. Na ga wasanka na Denholt, na ga abin da ban taɓa gani a nan ba. Amma ban sani ba."

Ya gyaɗa kai kamar na ba shi wani abu. "Ki aika. Amma ki bari ni zan faɗa wa Mama."

A mota na yi kuka har gilashi ya yi hazo.

Litinin, 17 ga Maris, 11:20 na safe

Na aika wa ofishin gasa ƙarfe tara. Tara da kwata na ɗaga gwangwanin sukari na kira Halvorsen. Yana tuƙi, ya ce in jira ya tsaya a gefe. Na karanta masa duka sha taran. Ina jin ƙarar takarda yana rubutawa.

"To, yanzu tazarar gida da waje ta koma irin ta kowa," ya ce. "Wannan zan iya kai wa manyana. Amma za su yi mini wata tambayar: yaron ya sani?"

Na juya katinsa a hannuna.

"Yana da shekara sha takwas," na ce. "Ni ina da sittin da uku. Wa zai je ya tsawata wa wa?"

"Na ji. Ba ni kaɗai ke yankewa ba, Misis Boyko, kuma ban yi miki alkawari ba. Zan zo wasan Lahadi, na ƙarshe. In gan shi sau ɗaya a gida ba alƙalaminki. Daga nan zan rufe jerina."

Laraba, 19 ga Maris, 4:40 na yamma

Sun cire sha taran. Ya faɗo na huɗu. Sun ce in miƙa makullin keji, kuma kada in sake zama a teburin kowane wasa. Na bara sun ce ba za su tona ba.

Glenda ta ofishin gari za ta karɓi aikin. Ta zo karɓar makulli tana ta ba ni haƙuri kamar ita ta yi laifin. Na nuna mata inda ake ajiye hita da yadda ake buga agogon in ya maƙale.

A kanti mai yankan nama, wanda na rubuta wa ɗansa maki uku a shekarar da ya karye, ya juya mini baya yana gyara tsiran alade da ba su buƙatar gyara. Wani ya rubuta a dusar gilashin motata da yatsa. Orest ya share kafin in karanta, ya ce ba su iya rubutu ba ma.

Juma'a, 21 ga Maris, 9:15 na safe

Shauna ta zo, daga aiki, ba ta shigo ba. Ta tsaya a kan matakala.

"Wanne zan yi fushi da shi, Lorna? Da kika ba shi, ko da kika ƙwace?"

"Duka."

"Duka nake yi." Ta ja zif ɗin rigarta har wuya. "Ya ce kar in zage ki. Shi ya sa na zo in gaya miki ban zage ki ba."

Ta sauka ta tafi. Ban tambaye ta kwat ɗin ba.

Asabar, 22 ga Maris, 2:00 na rana

Orest ya sayo tikiti biyu. Na ce ba zan je ba. Ya ajiye su a kan tebur ya ce shi ma bai tambaye ni ba.

Lahadi, 23 ga Maris, 6:10 na yamma

Na je. Layi na tara, kujerun da ke gefenmu biyu ba wanda ya zauna. Ashe daga sama haka filin yake da faɗi. Halvorsen yana ƙuryarsa.

Turmi biyu Rylan bai ci ba, bai taimaka ba. Ya bayar sau uku masu kyau, aka ɓarar. Wani a bayana ya ce, da ƙarfi don in ji, "Ka ga, an ɗauke biro, an ɗauke yaro." Orest ya ɗora hannu a gwiwata. Da ba don hannun ba da na juya.

Turmi na uku, biyu da biyu, saura minti huɗu. Ƙwallo ta tafi lungun hagu, ƙarƙashinmu. Rylan ya bi ta, ƙaton mai tsaronsu yana tafe a bayansa, kowa ya ga abin da zai faru, shi ma ya gani. Bai kauce ba. Aka haɗa shi da allo har gilashi ya girgiza, ya zube a gwiwa, hularsa ta karkace. Yana durƙushe, da hannu ɗaya a sanda, ya zaro ƙwallon daga tsakanin ƙafafun mutumin ya tura ta baya, ba tare da ya waiga ba, daidai kan sandar mai lamba biyar. Biyar ya ba Mason. Mason ya zura. Fili ya tashi.

Alƙali ya je bakin gilashi. Na ga bakinsa, na san abin da ya ce. Na ga Glenda ta ɗaga biro, ta kalli gurbin, ta kalli benci, ta ajiye biron. Lasifika ta ce Mason ya ci, biyar ya ba shi. Shi ke nan.

Ban san lokacin da na miƙe ba. "Sha huɗu! Na biyun na sha huɗu ne! Glenda, sha huɗu!"

Layi uku suka juyo. Wani ya ce, "Zauna, Lorna, kin yi naki." Aka yi dariya, har da waɗanda ba su da mugunta. Orest ya ja ni na zauna. Na ce masa bidiyo zai nuna. Ya ce a hankali, "Lungun nan a ƙarƙashin kyamara yake, Lor. Ba ta kama shi."

Rylan ya koma benci yana tofar da jini, bai ɗaga kai ya kalli lasifika ba. Mason ya rungumo wuyansa yana faɗa masa wani abu a kunne. Na waiga ƙuryar sama. Kan Halvorsen a sunkuye yake yana rubutu, ban san ko tun kafin abin ya sunkuya ko bayansa ba. Da aka tashi na neme shi a bakin ƙofa, ya riga ya tafi.

Gobe zai miƙa jerinsa. Takardar wasan yau ta ce Rylan Fedak bai yi komai ba. Ban taɓa ganin ya yi abin da ya fi wannan ba, kuma wannan karon na duba, da idona biyu na duba. Nasa ne. Na rantse nasa ne, kuma duk garin nan ba wanda zai karɓa daga bakina.